Sunayen da Ke Jikin Lilo

Columbus, Ohio
17 ga Afrilu, 2000

Zuwa ga yayata Ba Lombe, Bana Kangwa, wato uwar Kangwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Bashi Kangwa da yara duka. Tarin nan nasa ya sake shi? Autanki Katongo fa, har yanzu yana bin kaji da sanda? Ki gaida mini 'yarki Kangwa, ki ce mata Mayo ƙarama, ƙanwar uwarta, tana lissafin watannin cikinta daga nan. Ni lafiya lau, sai ciwon ƙafa, don tsofaffin da nake jinya ba sa barin mutum ya zauna.

Bayan gaisuwa, akwai maganar da nake so ki ajiye ɗinki ki karanta a natse. Maganar lilon jarirai ce, wanda na aiko miki lokacin da kika haifi Katongo, mai ƙafafun ƙarfe, wanda ake murɗawa kamar agogo. Ran Asabar na shiga kantin da na saye shi, sai na ga hotonsa manne a bakin ƙofa. Kamfanin da ya ƙera shi ya janye shi daga kasuwa, ya ce duk mai irinsa ya daina sa yaro a ciki. Na dawo gida na duba takardar da ta zo da kwalinsa. Irinsa ne, babu tantama.

Ga matsalar. Madaurinsa a ƙugu kawai yake kama yaro, babu abin da ya bi ta tsakanin ƙafafu. In jariri ya yi barci, lilon yana kai da komowa, sai ya riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan. Jikinsa ya wuce ta ƙarƙashin madaurin, kan ya tsaya, madaurin ya sauka a wuya. Ba ya kuka, Ba Lombe, domin kuka sai da numfashi. Jarirai sun mutu ta haka a ƙasar nan, wasu kuma da ƙyar aka ceto su. Na yanko miki shafin jarida na sa a ciki, ki ba Bashi Kangwa shi ma ya karanta.

Na san Katongo ya wuce shiga lilo, amma na san ki da kyauta, ga kuma Kangwa a hanya. Don haka ki ɗauki almakashinki ki yanke madaurin, ki cire kujerarsa ta yadi ki yayyanka ta yadda ba za ta sake ɗinkuwa ba. Kada ki ba kowa aro, kada ki sayar, kada ki ajiye don gaba. Ki rubuto mini da zarar kin yi.

Ƙanwarki,
Nsofwa

Mufulira
8 ga Mayu, 2000

Ƙanwata Nsofwa,

Takardarki ta iso, mun gode wa Allah da kina lafiya. Ki riƙa jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da gishiri. Nas ce ke, amma ba a ce ki manta da na gida ba. Tarin Bashi Kangwa yana nan, yana tafiya yana dawowa tare da hayaƙin ma'adinai. An sallame su daga aiki a watan jiya, shi da rabin mazan layinmu. Yanzu yana noman ganye a bayan gida yana faɗa da akuyar maƙwabta. Katongo ya bar kaji ya koma agwagi.

Na karanta jaridarki, shi ma ya karanta. Allah ya ba iyayen yaran nan haƙuri. Amma almakashina ba zai taɓa lilon nan ba, kuma bari in gaya miki dalili, tunda zaman can ya sa kin ɗauka abu yana tsayawa inda aka ajiye shi.

Da Katongo ya fara tafiya na ba Bana Chisala aro. Daga ita wata ta roƙa, daga nan matan zumunta na cocinmu suka ce a tsara abin kada a yi rigima. Yanzu duk wadda ta haihu a cikinmu, ranar da ta dawo daga asibiti mukan ɗauki lilon a ka mu kai mata da waƙa. In cibiya ta faɗi aka raɗa suna, uwar takan yanko ƙyalle daga zanin goyon farko, ni in zana sunan yaron a kai da keke, ita kuma ta ɗinka shi a jikin kujerar da hannunta. Na Katongo ne a tsakiya. Sauran sun kewaye shi har kan madaurin, yadin da kika sani ba a ganinsa.

Wannan kike so in yayyanka. Nsofwa, kin manta ranar da muka dawo daga binne ƙaninmu Bupe, Mayo, mahaifiyarmu, ta tattara rigunansa ta yage ta ƙone a bayan gida? Ke kika riƙe mata ashana. A nan sai yaro ya mutu ake sa wa kayansa wuƙa ko wuta. Yaran da sunansu ke jikin lilon nan duk suna raye, ga su can suna cika mana kunne ran Lahadi. Wace uwa zan kalla in ce mata na datse sunan ɗanta biyu saboda wata jarida?

Kuma matan can naku, ina suke lokacin da yaran ke zamewa? Na ji an ce jariri ɗakinsa daban, a ja masa ƙofa a tafi kallon talabijin. Mu nan ɗaki biyu gare mu, yaro ko atishawa ya yi sai duk gidan sun ce masa sannu.

Kangwa ce ta gaba a layi. Likita ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Wadda aka tsaga wa ciki ba ta goyo sai an kwana biyu, ita kuma kitso ne abincinta, hannu biyu yake ci. Abin da mijinta Chomba yake samu a motar haya ba ya riƙe gida shi kaɗai. Ki faɗa mini inda za ta ajiye jaririn. Lilon zai shiga ɗakinta da waƙa kamar na kowa.

In kin samu allurar keke masu kauri ki aiko mini, na nan karyewa suke yi.

Yayarki,
Bana Kangwa

Columbus
10 ga Mayu, 2000

Ba Lombe,

Ina gaishe ki, ina gaida Bashi Kangwa da yara. Ki gaida mini matan zumunta duka, musamman Bana Mpundu. Ki ce mata tun da na bar gida ban ci miyar ifisashi mai daɗin tata ba. Nan ganyen kabewa sai a mafarki, gyaɗarsu kuma duk sukari. Sanyi ya tafi, itatuwa sun yi fure, mutane sun fito rana kamar ƙadangaru.

Har yau ban ga amsarki ba, kullum ina buɗe akwati. Ko takardata ta ɓata, ko kin karanta kin tura ta ƙarƙashin keke, yadda kika saba yi wa maganar da ba ta yi miki ba. Don haka zan maimaita a gajarce. Lilon nan yana kashe yara. In yankawa ta yi miki wuya, ki fitar da shi bayan gida ki zuba masa kananzir ki ƙone shi ƙurmus, da duk abin da ke jikinsa. In kin ba wata aro, ki je ki karɓo yau. Wadda za ta ji haushi ta ji. Matan unguwa ba su taɓa rasa abin surutu ba, za su yi su gaji. Ba su ne damuwata ba, Kangwa ce.

Nsofwa

Mufulira
1 ga Yuni, 2000

Nsofwa,

Muna lafiya. Ƙafafun Kangwa sun kumbura, amma tana cin abinci.

Kin san takardunmu ta akwatin coci suke zuwa. Ran Alhamis shugabarmu Bana Mpundu ta shigo taron zumunta da takardarki a hannu. Mata suka ga tambarin Amurka suka ce sai an karanta musu, kamar yadda nake yi in kin aiko da labarin dusar ƙanƙara. Na buɗe na fara. Da na zo kan ifisashi Bana Mpundu har da guɗa. Baki yana gudu, hankali yana baya, kafin in ankara na riga na karanta musu kananzir, da "duk abin da ke jikinsa", da matan unguwa masu surutu. Na tsaya a nan, amma me ya rage?

Lilon yana nan a kusurwa, an wanke shi ana jiran Kangwa. Can Bana Mpundu ta cire tabarau ta ce, "Bana Kangwa, har da sunan jikana za a zuba wa kananzir ɗin? Ko shi za a ware?" Wata daga baya ta ce ashe haka mutum yake komawa in ya sha ruwan can. Wata ta ce a naɗe miki kayanki a aika, ki ƙone a ƙofar gidanki.

Na miƙe a gabansu na ce ni na haifi wanda sunansa ke tsakiya, kuma muddin ina numfashi, wuƙa ko wuta ba za ta taɓa sunan ɗan kowa ba. Hannuna yana kan littafin waƙoƙi na faɗa.

Da na koma gida na duba kwanan wata, na ga takardunmu saɓani suka yi a hanya, ba ki san da sunayen ba lokacin da kika rubuta. To, na sani. Amma ba zan bi gida-gida ina nuna wa mata kwanan wata ba. Maganar surutu kuwa ba saɓani ba ce, daga zuciyarki ta fito. Matan nan su suka kawo mana garin masara da aka sallami Bashi Kangwa. Su za su zauna a bakin gadon 'yarki a asibiti, ba ke ba.

Kada ki sake rubuto mini maganar lilo. Na riga na yi magana a gaban mutane.

Bana Kangwa

Columbus
4 ga Yuni, 2000

'Yata Kangwa,

Sannu da nauyin jiki. Ina fata kina samun hutu, ba kullum a tsaye kan mutane ba. Ki gaida Chomba, ki ce masa ya rage gudu, yanzu akwai mai jiransa.

Na aiko da wannan ta tashar motarsa, ba ta coci ba, kuma da gangan. Ban taɓa tsallake uwarki na yi magana da ke a kan abin da ta riga ta yanke ba. Yau na yi, kuma ba zan ba da haƙuri a kai ba.

Na san ta gaya miki abin da na rubuto game da lilon, ta yadda take so ki ji. Takardarta ta 8 ga Mayu ta iso, a nan na fara jin labarin sunaye. Ban sani ba. Na tuna Bupe sarai, kuma ba zan sa ki abin da zai sa wata uwa ta ji kamar an yi wa ɗanta mugun fata ba. Saboda haka ba na ce ki yanka komai ko ki ƙone komai ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki sa ɗanki a ciki. Ko sau ɗaya, ko na ɗan lokacin da za ki tuƙa tuwon nshima.

Uwarki ta ce matan nan ƙofa suke ja wa jarirai. Wasu haka ne. Amma ɗaya daga cikin waɗanda jarida ta ba da labarinsu tana cikin ɗakin, tana guga, baya kawai ta juya. Tana jin ƙarar lilon yana tafiya daidai, ta ɗauka barci yake yi. Ke in kina kitso, ina idonki yake? Yana kan tsaga. Ta kuma ce duk yaran da suka shiga suna raye. Gaskiya ne, mun gode Allah. Ni dai ba na so a ci gaba da gwadawa da naki.

Za su zo da waƙa, ke ga ɗinki a ciki, ga kunya. Ki karɓe su, ki yi godiya, ki ba su shayi. In sun fita, ɗan naki ne. Na san ki tun ranar da aka aske miki kai kika ƙi shiga aji, kika zauna a ƙofar makaranta har aka tashi. Wannan taurin kan nake nema yanzu.

Mayo ƙarama,
Nsofwa

Mufulira
16 ga Yuli, 2000

Mayo ƙarama,

Ina gaishe ki da kyau, Chomba ma yana gaisuwa. Na sauka ran 19 ga Yuni, an yi mini aiki kamar yadda likita ya ce. Mace ce, sunanta Lubuto. Goshinki ta ɗauko, kowa ya faɗa, Mayo, yayarki, ce kaɗai ta ce ita ba ta gani ba. Ɗinkin yana warkewa, sai na yi dariya yake tuna mini da kansa.

Takardarki ta yi kwanaki a aljihun wani kwandasta. Ranar da aka sallamo ni Chomba ya kawo ta, na karanta lilon yana tsaye a gabana, matan ba su daɗe da fita ba. Na zuba wankakkun tsummoki a kujerar, na kwantar da Lubuto a tabarma kusa da ƙafata.

Da cibiya ta faɗi Mayo ta zo da ƙyallen. Da kanta ta yanko, ta riga ta zana sunan da jan zare, ta miƙo mini allura. Na ce ba zan ɗinka ba. Ta tambaya ko an rubuto mini, na ce an rubuto. Ta ce to in zaɓa, ita ko Amurka. Na ce, "Mayo, ni Lubuto na haifa. Rigimarku ku ƙarasa ta ku biyu." Ta ajiye ƙyallen a kan tebur ta fita. Tun ranar abinci take aikowa, ba ta zuwa. Bana Mpundu ma ta zo, ta ce yarinyar da ta ƙi lilon zumunta ta ƙi hannun zumunta, ranar wahala kada in neme su. Na ce na ji.

Yanzu a gida nake kitso, ina zaune a kujera, mai kitson a ƙasa. Wata Talata Bana Chisala ta zo. Ta daɗe tana kallon lilon da tsummoki a ciki. Sai da na yi rabin kai, fuskarta tana can tawa tana nan, ta ce, "Bana Lubuto, kin kyauta wa kanki." Ta ce lokacin Chisala yana jariri ta fita shanya, ta dawo ta same shi ya zame, madaurin a ƙarƙashin haɓa, leɓunansa sun yi baƙi. Ta fizgo shi ta yi ta hura masa iska har ya yi kuka. Ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Ba ta sake sa shi a ciki ba, amma ta riƙe lilon har lokacinta ya cika, in baƙi sun zo ta ce yanzun nan ta ciro shi. Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru. Ta ce, "Kayan Amurka na ƙanwar Bana Kangwa? Wa zai ce laifin lilo ne? Cewa za a yi ni ce sakarar uwa."

Da na gama mata ta ce in ba ta allura. Ta ce hannunta ya ɗinka, hannunta zai warware, ba wuƙa ba reza. Ta zauna gaban lilon ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya har ƙyallen Chisala ya fito lafiya lau, ta ƙulle shi a bakin zani.

Tun daga nan kasuwata ta buɗe. Har waɗanda kitsonsu bai tsufa ba suna zuwa, kowacce ita kaɗai, in an gama ta nemi allura. Ɗaya ta ce ita da zani take ɗaure ɗanta ta hammata. Wata ta ce tawul take cusawa tsakanin ƙafafunsa. Wasu sun cire kawai sun tafi. Surukar Bana Mpundu ta ƙofar baya ta shigo, ko kitson ba ta tsaya yi ba.

Yanzu sunan Katongo kaɗai ya rage. Mayo ba ta gani ba tukuna. Bana Mpundu kuma ta aiko cewa tunda na ƙi, ran Alhamis ta sama za su zo su ɗauka su ajiye wa Mwape, wadda za ta haihu a watan gobe, haihuwar fari. Ni ko bokiti ba na iya ɗagawa, balle in tare ƙofa. Gobe zan aika a kira Mayo. Ban san ɓangaren da za ta tsaya ba.

'Yarki,
Kangwa

Mufulira
20 ga Agusta, 2000

Nsofwa,

Muna lafiya. Sanyi ya wuce, tarin Bashi Kangwa ya yi sauƙi, akuyar ce dai ta ci nasara a kansa. Allurai sun iso, na gode. Takardunki biyu ma sun iso, na karanta su ni kaɗai, ƙofa a rufe. Haƙurin da kika ba matan unguwa na isar musu. Wanda ba ki ba ni ba a kan rubuta wa Kangwa, na lura da shi.

Na san ta ba ki labari har zuwa ranar da ta aika a kira ni. Ga sauran, kuma kada ki ɗauka jaridarki ce ta juya ni.

Na shiga ɗakinta na ga kujera duk hudar allura, sunan Katongo shi kaɗai a tsakiya. Saura kaɗan in mari mai ɗinki a ciki. Ta ce kafin in ɗaga hannu in je in tambayi Bana Chisala. Na same ta tana suyar vitumbuwa, fanken nan namu, a bakin hanya. Ta ba ni labarin idonta yana kan kasko. Na ce me ya hana ta zo ta faɗa mini, ni da muke zama benci ɗaya a coci. Ta ce, "Ke kike gaba da waƙar, Bana Kangwa." Na sayi vitumbuwa na tafi, Katongo ne ya cinye.

Ran Alhamis suka zo cikin rigunan zumunta, suna waƙa. Suka same ni zaune a ƙofar Kangwa, lilon a gabana. Na bari sai da suka taru, sannan na ɗauki allura na warware sunan Katongo a kan idonsu, na ɗaga ƙyallen na nuna gaba da baya. Bana Mpundu ta tuna mini da abin da na faɗa a kan littafin waƙoƙi. Na ce ina sane, a kan sunaye na yi magana. Ga kujera nan, ta nuna mini sunan ɗan wa ke jiki. Ta ce lilo na zumunta ne, kuma Mwape tana jira.

Na ce, "To. Duk wadda za ta sa ɗan cikinta a nan da hannunta, ta fito ta ɗauka. Ba zan hana ta ba."

Ba wadda ta motsa. Can Bana Chisala ta ce, "Nawa ya kusa tafiya a ciki." Daga nan ba a jin maganar kowa, mai zani tana faɗin nata, mai tawul tana faɗin nata. Bana Mpundu ta sa tabarau ta sunkuya tana neman ƙyallen jikanta, ta tambaya wa ya cire. Surukarta ta ce daga baya, "Ni ce, Mayo." Waƙar dai ba a ƙarasa ta ba.

Yadin da ba sunan kowa a jikinsa ba na kowa ba ne. Na sa masa almakashi, na tura shi ƙarƙashin tukunyar wake. Ƙarfen Bashi Kangwa ya tura a baro zuwa wajen mai walda, ya fitar mana da ƙafafun murhu. Akwatin murɗawar na jefa a masai, yana ta ƙara har ya nutse.

Abin bai zo a banza ba. Bana Mpundu ba ta amsa gaisuwata, ɗinkin rigunan zumunta kuma an kai wa wani tela a kasuwa, wanda ko wuya bai iya fitarwa ba. Wasu suna cewa Amurka ta juya wa Bana Kangwa kai. Su faɗa. Mwape ta haifi namiji a makon jiya, mun je da waƙa da zanin goyo da baho. Rabinmu ne muka je, amma waƙar ta kai har titi.

Yanzu ke kuma ga taki. Ran Asabar na ga ɗan'uwan lilon nan a kasuwar salaula, sak, har launin ƙarfen, cikin kayan gwanjon da aka kwance daga dila. Na gaya wa mai kayan, ya yi dariya ya ce shi ba a aiko masa da takarda ba. Gaskiyarsa. Ki tambayi kamfanin nan naku, su da suka iya manna takarda a ƙofar kanti a Ohio, wa suka bar wa ƙofar kasuwarmu? Ki aiko mini da jaridar nan da yawa, mai hoton. Zan manna a asibitin awo, zan manna a kasuwa, wanda ya yage in sake mannawa. Asabar mai zuwa kuma ni da Bana Chisala za mu je mu tsaya a gaban rumfarsa.

Kin tuna na ce ki faɗa mini inda Kangwa za ta ajiye jaririn? Ba ki amsa ba, ke da jaridarki. Kullum da safe tana zuwa nan ta yi kitsonta a barandata. Ƙyallen Lubuto na ɗinka shi a zanin goyona. Ina goya ta in hau keke, ƙafa tana takawa, baya yana kai da komowa, kafin in gama hannun riga ta yi barci. Numfashinta yana tsakanin kafaɗuna. In ya canja, ni zan fara sani. Bayan yana ciwo, shekaruna sun wuce na goyo, kada ki aiko mini da shawara.

Ni ce lilon yanzu. Ki gaya wa kamfanin, in suna da takarda a kaina, su aiko ta akwatin coci. A gaban kowa zan karanta ta.

Yayarki,
Banakulu Lubuto, wato kakar Lubuto, don haka ake kirana yanzu